Daga Teburin Malam: A Ƙirga Kaskon Ƙosai

In kana so ka san ko gari yana da rai, ƙirga masu sayar da abincin da ake ƙunshewa a tafi da shi. A ƙasar Sin masu bincike haka suke yi: suna duba yawan abincin da ake saya ta waya a kai gida, unguwa unguwa.

Mu a Kademi ido ya isa. Ranar kasuwa tsaya bakin tasha da hantsi. Ga mai ƙosai, ga mai waina, ga masu fura, da yamma mai tsire ya hura wuta. Kashegari wurin shiru, sai awaki. A Wudil ran Juma'a abin ya fi haka nesa, don fataken shanu ba su zuwa da tukunya.

Amma wa ke ɗauke da farantin? Yawanci 'yan mata ne ƙanana, masu suna a rajistar makaranta. Kasuwa ta cika, aji ya rage. Kuɗin talla na sayen gishiri da sabulu, babu musu. Duk da haka, a taron iyaye mai zuwa zan roƙa tallar safe ta koma hannun manya, yarinya ta ɗauki faranti bayan an tashi.