Wa Ya Cancanci Kujerar Jirgi?

Ba mu ƙi yaranmu su je Suwidin buga ƙwallo ba. Har gudummawa muka tara. Ba mu kuma ƙi a zaga da su gari ba, domin tafiya mabuɗin ilimi ce. Abin da muka ƙi shi ne a bar malamin wasanni a gida, mutumin da ya shekara uku yana horar da su a filin da ko raga babu, a miƙa kujerarsa ga wani jami'in ofis.

Washegarin wasa, ranar da aka ware domin 'yar sassarfa, miƙe jijiyoyi da isasshen barci, sai aka kwashi yara zuwa kantuna rakiyar sayayyar manya. Biyu sun dawo da ɗingishi.

Muna kira ga shugabannin reshe su nemo mana sunayen duk waɗanda suka tafi, da aikin da ya kai kowannensu.