Maganin Tsoho Sai da Awo

Da yawa daga cikinku akwai tsoho ko tsohuwa a hannunku, ko kaka, ko suruka, kuma in ciwo ya zo ku ne masu ba da magani. To, yau ga abin da ya kamata ku sani game da ƙoda da magungunan kashe ƙwayoyin cuta.

Ƙoda ita ce matacin jiki. Tana tace jini dare da rana, ta fid da datti ta hanyar fitsari, kuma yawancin waɗannan magunguna ta nan suke fita. Amma daga wajen shekara 40 aikinta yakan riƙa raguwa kaɗan kaɗan, ko da mutum lafiyarsa lau. Ku dubi magudanar ruwa ta tsakar gida. In ta ƙuntata, aka ci gaba da sheƙa ruwa kamar da, ai sai ruwa ya kwanta. Haka magani yake taruwa a jikin tsoho. Allurar nan jentamaisin, in ta taru, tana iya ɓata ƙodar kanta, ta kuma kurumtad da mutum. Septrin ma akan rage shi in ƙoda ta yi rauni ƙwarai.

To, yaya likita yake gane ƙarfin ƙoda? Yakan sa a ɗebi jini a auna wani datti da ake kira kiriyatinin, wanda tsokar jiki take fitarwa. Sai dai awon nan shi kaɗai yana ruɗi. Tsohuwa ba ta da tsoka da yawa, saboda haka dattin yakan fito kaɗan, takarda ta nuna kamar kome lafiya, alhali kuwa ƙoda ta gaji. Domin haka a 1976 waɗansu likitoci biyu a Kanada, Cockcroft da Gault, suka fito da wani lissafi wanda har yanzu ake aiki da shi.

Ku 'yan makaranta, ga shi ku gwada. A ɗebe shekarun mutum daga 140, a ninka da nauyinsa na kilo, a raba da 72 wanda aka ninka da awon kiriyatinin. In mace ce, a sake ninkawa da 0.85. Misali, mace mai shekara 30 da kilo 60, awonta ya nuna 1, lissafinta zai ba da wajen 78. Kakarta mai shekara 80 da kilo 45, ita ma awonta 1, nata 32 ne kawai. Kun gani, takarda iri ɗaya, amma ƙodar kaka ba ta yin ko rabin aikin ta jikarta. In aka ba ta abin da aka ba jika, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza.

Watau ke nan shekaru da nauyi suna cikin magani, kuma nan ne naki aikin yake. In kin kai Inna asibiti, ki faɗi shekarunta yadda suke. In ba a rubuta ba, ki tambaye ta abin da ta tuna. Wadda take budurwa sa'ad da Nijeriya ta sami mulkin kai a 1960, to, tana wajen 80. Ki roƙa a ɗora ta kan sikeli. Ki tafi da dukan magungunan da take sha, har da na gargajiya da na ciwon gaɓoɓi irin su ibufurofen, gama su ma suna wahalad da ƙoda. Sa'an nan ki ce wa likita, "An duba ƙodarta?" Matambayi ba ya ɓata.

Kada ki ba ta ragowar maganin wani, kada kuma ki rage mata nata da kanki, domin kaɗan ba ya kashe cuta. Likita ne zai rage, ko ya tsawaita lokacin da ke tsakanin sha da sha. In tana zawo ko amai, ko fitsarinta ya ragu, ko ta fara jiri, ko rikicewa, ko rashin ji, ki mai da ita asibiti a ranar.

Allah ya ba tsofaffinmu lafiya, ya ba mu ladan jinyarsu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.