RA'AYINMU: HAUSHIN KAREN MAƘWABCI

Wani zai ce ƙungiya ta rasa abin faɗi ne, ga matsalar burtali, ga ta mashaya, ga tsadar dusa, sai ta tsaya kan maganar kare? To, a yi haƙuri a karanta, domin maganar nan ta ci wa wani ɗan'uwanmu bijimi, kuma saura kaɗan ta ci rai.

Abin ya faru ne a wani ƙauye na jihar Maraɗi, lokacin kaka. Makiyayin ya sauka kusa da gari da yardar mai gona, a kan shanu su ci kara su bar masa taki, kamar yadda iyayenmu suka saba. Sai aka yi rashin sa'a maƙwabcin mai gonar yana da kare wanda ba ya rufe baki tun daga isha'i har asuba. Mutane ba barci, shanu ba kwanciya. A dare na huɗu karen ya faɗo cikin garke, maruƙa suka tsinke dangwali, iyayensu suka bi su, aka wayi gari shanu suna cikin waken wani bawan Allah da bai gama roro ba. Da aka je gaban mai gari, babu wanda ya tambayi kare. Sawun shanu aka gani, ɓarnar shanu aka auna, mai shanu ya biya. Ɗansa kuwa, yaro mai zafin zuciya, ya sa guba cikin nama ya jefa bayan danga. Kare ya mutu, kajin mutane suka mutu, matasan gari suka fito da sanduna. Ba don dattawa sun tsaya ba, da yanzu wani labari muke bugawa.

Mu a ƙungiya matsayinmu ɗaya ne: kada makiyayi ya kashe karen maƙwabci, kada ya sa masa guba, kada ya bar yaransa su jefe shi. Mun san da ciwo. Amma a duba lissafin. Kafin a kashe karen, makiyayi ne aka cuta, yana da bakin magana. Daga ranar da kare ya mutu shi ne mai laifi, kuma laifin ba ya tsayawa kansa, duk rugar da ke kusa sai ta ɗanɗana. Waɗanda suka san abin da ya faru a Toda cikin watan Oktoba na 1991, inda aka hallaka fiye da mutum 100, yawancinsu mata da yara, ba su bukatar a tuna musu yadda rigimar gona take girma cikin yini guda. Ita guba kuma ba ta san wanda aka nufa ba. Ungulu ta ci mushen ta faɗi, karen rugarka ya ci ya faɗi, wani lokaci ma yaro ne zai tsinci abin ya kai baki.

Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, mu ma muna da karnuka. Malamai sun bayyana cewa addini ya halatta ajiye kare domin kiwo da farauta da gadin gona. Yadda namu yake tsare mana tumaki daga dila da kura, haka na manomi yake tsare masa rumbu. A wannan zamani na ɓarayin shanu, sau nawa haushin karen da muke tsinewa ya tashe mu muka tarar ana kwance mana dabba? Kare ba ya haushi a banza. Ko yunwa, ko an ɗaure shi da gajeren igiya ya yini cikin rana, ko warin baƙin shanu da baƙin mutane ne ya dame shi. Duk waɗannan suna da magani mai araha.

Abin da muke roƙo shi ne a yi magana tun daren farko, kada a jira na huɗu. Da safe babban ruga ya je da kansa, ba yaro ba, ya gaida mai karen, ya ce masa: Malam, baƙinka ba su yi barci ba, muna tsoron kada shanu su firgita su yi wa wani ɓarna. A nemi ya ciyar da karen da yamma, ya ɗaure shi da dare ta ɓangaren gidan da ba ya kallon garke. Mu kuma mu ja garke nesa da ƙofar mutane, mu ƙara ƙarfin dangwali, a sa babba ya kwana kusa da maruƙa. Ƙwaryar nono da za a aika gidan ba asara ba ce, kuma karen da ya lashi tsala a hannunka kwana biyu ya daina ɗaukarka ɓarawo. Tsofaffinmu sun san wannan, yaran yanzu ne suke ganin ƙasƙanci ne.

In mai kare ya ƙi ji, a tafi wurin ardo, ardo ya sami mai gari, a faɗi maganar gaban shaidu tun ba a yi ɓarna ba. Wannan shi ne abin da ɗan'uwanmu bai yi ba. Da mai gari ya ji kukansa tun farko, ranar awon ɓarna da an raba laifin biyu. Dokar karkara ta 1993 da dokar kiwo ta 2010 duk sun ba sarakunan gargajiya hurumin sasanta manomi da makiyayi kafin a kai ga alƙali. Hanya ce da aka buɗe mana, mu ne ba mu cika binta ba sai bayan wuta ta kama.

Akwai haushi guda da ba na sasantawa ba ne. In muryar kare ta sauya, yana dalalar da miyau, yana cizon duk abin da ya samu, yana yawo ba ya gane mai shi, to a yi zaton haukan kare. A nisanta yara da bisashe, a sanar da mai gari da likitan dabbobi nan take. Wanda ya ciza a wanke wurin da ruwa da sabulu kamar minti 15, a kai shi likita ranar domin allura, kada a tsaya jiƙe-jiƙe, saboda in alamun cutar suka bayyana ga mutum ba a tashi. Saniya ma tana kamuwa, sai bayan makonni a ga tana yawan kuka da zubar da miyau ta kasa haɗiya. Kada kowa ya zura hannu bakinta wai wani abu ya maƙale mata. Ƴan'uwa dillalai da mahauta, irin wannan dabba ba ta shiga kasuwa, komai arahar da aka yi muku.

Wakilanmu na ƙauyuka za su zagaya rugage kafin ranar sakin gonaki. Duk wanda yake da irin wannan damuwa da maƙwabci ya gaya musu, za su raka shi wurin mai gari.