Daga "olsa" zuwa dajin tumbi: abin da ya kamata asibitin Kafanchan ya fara saye

A Fadan Kagoma, kamar sauran garuruwan Jama'a, ciwon ciki na babban mutum suna ɗaya gare shi: olsa. Manomin citta ya ji zafi a ƙahon zuciyarsa, ya leƙa kemis, a ba shi farin ruwan magani da ƙwayar omeprazole, ya ji sauƙi, ya koma gona. Mafi yawan lokuta zancen a nan yake ƙarewa. Amma akwai wanda yake ƙoshi da loma uku, wandonsa na zamewa daga ƙugu, bayan-gidansa ya yi baƙi kamar kwalta, kuma har yanzu ana ce masa ya rage barkono. Kafin a kai shi asibitin koyarwa na Jos ko na Shika, ciwon daji ya riga ya cinye bangon tumbinsa.

Cutar ba ƙarama ba ce a duniya. Ƙididdigar 2022 ta nuna mutum kusan miliyan ɗaya sun kamu da ita, kimanin dubu 660 suka rasu. Babban abin da ke haddasa ta wata ƙwayar cuta ce, Helicobacter pylori, wadda ake ɗauka tun yarinta ta ruwan sha da abinci. Hukumar binciken daji ta duniya ta sa ta cikin masu jawo daji tun 1994. A 1992 wani likitan fiɗa ɗan Ingila da ya yi aiki a Maiduguri, Chris Holcombe, ya lura cewa yawancin mutanen yankin na ɗauke da ƙwayar, amma ba a cika ganin dajin tumbi ba. Ya ɗauki abin a matsayin wata wasa-ƙwaƙwalwa ta Afirka. Ana muhawara a kai har yau, sai dai da wuya a ƙirga cutar da ba a leƙa ciki an gani ba.

A wasu wurare likitoci sun wuce tambayar "daji ne ko ba daji ba". Suna tambaya: wane iri ne? A 2014 masu bincike a Amurka suka tantance ƙwayoyin halittar ƙari 295 na tumbi, suka gano ashe cuta huɗu ce ke amsa suna ɗaya. Kowacce da halinta, kuma ba magani ɗaya suke ji ba.

Misali, kusan ɗaya cikin biyar na masu cutar da ta yi nisa, ƙarinsu na ɗauke da alamar HER2 da yawa. Gwajin ToGA na 2010 ya nuna cewa idan aka haɗa musu maganin trastuzumab da kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, matsakaicin rayuwarsu kan tashi daga wata 11.1 zuwa 13.8. Ƙasa da wata uku ke nan, kuma babu amfanin ɓoye hakan. Amma wanda ba shi da alamar, maganin ba ya yi masa komai sai cinye kuɗin gonarsa.

Alamar da ta fi shafar talaka ita ce MSI. Wasu ƙarin sun rasa hanyar gyara kurakuran da ke faruwa a ƙwayoyin halittarsu, sai kurakuran su taru har garkuwar jiki ta iya gane su a matsayin baƙi. Masu irin wannan sukan fi daɗewa bayan tiyata, kuma suna jin magungunan da ke zaburar da garkuwar jiki, irin pembrolizumab da Amurka ta amince da shi domin su a 2017. Da aka koma aka sake duba samfuran wani babban gwaji na Ingila, MAGIC, sai aka ga alamar cewa kemo kafin tiyata da bayanta bai ƙare su da komai ba. Iyalin da za su sayar da cittar shekara biyu domin kemo sun cancanci a faɗa musu wannan kafin buhun farko ya bar gida.

Akwai kuma gadon jini. Capecitabine, ƙwayar kemo da ake sha a gida, ana ba da ita a Najeriya. Wanda aka haifa da rauni a ƙwayar halittar DPYD ba ya iya narkar da ita, sai ta zame masa guba: gudawa, gyambon baki, wani lokaci mutuwa. Tun 2020 hukumar magunguna ta Turai ta ba da shawarar a yi gwaji kafin a ba da ita. Matsalar ita ce nau'o'i huɗun da aka saba nema a jikin Turawa aka gano su, alhali akwai wani, Y186C, da ake samu cikin masu asalin Afirka. Kayan gwajin da aka sayo daga waje ba tare da lura ba zai iya ce wa ɗan Kagoma lafiya lau, bai kuwa duba inda matsalarsa take ba.

To, me ya haɗa wannan duka da garin da ke fama da hanya da wuta?

A 2025 gwamnatin tarayya ta amince da mayar da babban asibitin Kafanchan cibiyar lafiya ta tarayya. Asibitin na ɗauke da sunan Patrick Ibrahim Yakowa, ɗan Fadan Kagoma, gwamnan Kaduna da ya rasu a hatsarin jirgi a Bayelsa a 2012, aka binne shi a garinsu. Tambayar ita ce me ya kamata a fara saye. Alamomin ƙarin nan, HER2 da MSI, daga ɗan guntun tsoka suke farawa, wanda ake gutsurowa da siririn tiyo mai kyamara da ake zurawa ta maƙogwaro. Wannan tiyon ya kamata a fara saye, tare da likitan da ya iya aiki da shi da janareto mai tashi. Sai ɗakin gwajin tsoka: HER2 da MSI duka ana iya gano su ta hanyar rina tsokar a duba ta a madubin likita, dabarar da manyan asibitocin koyarwa suka riga suka sani saboda dajin nono. Ba sai an jira injin tantance ƙwayoyin halitta mai ɗan karen tsada ba.

Kuɗi ma na buƙatar gyara. Asusun tallafin masu daji da aka fara a 2021, wanda asibitin Shika ke cikin cibiyoyinsa, ya taƙaita ne ga dajin nono, na bakin mahaifa da na mafitsarar maza. Mai dajin tumbi yana waje. 'Yan majalisar kudancin Kaduna da suka yi fafutukar samun cibiyar ya kamata su ɗauki wannan ma.

Aikin da ba ya jiran Abuja kuwa yana hannun masu kemis da ma'aikatan ƙananan asibitoci, da fastoci da limaman da ake fara kai wa kuka. Duk wanda ya haura shekara arba'in da biyar, "olsarsa" ta ƙi jin magani, yana rama ko yana aman jini ko abinci na tsaya masa, a daina canja masa kwalba. A rubuta masa takarda, a sa shi a motar Kafanchan ko Jos a makon.