Kiwon Kare a Lafia: Haƙƙin Dabba da Haƙƙin Maƙwabci

Kare tsohon ma'aikaci ne a ƙasar Lafia. Mafarauta na fita da shi daji da rani. Fulani makiyaya na ajiye shi a ruga domin ya yi haushi in ɓarawon shanu ya matso da dare. Manoman doya da rogo a ƙauyukan Doma da Obi da Awe kuma na barinsa a gona ya kori birai da sauran masu ɓarna. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa a 1996 Lafia ta zama babban birninta, gari ya buɗe ta hanyar Jos da ta Makurdi da ta Shendam, mutane suka yi ta gini a bayan gari inda gidaje ke nesa da juna, sai karen gadi ya zama abin buƙata ga wanda a da bai taɓa tunanin ajiye shi ba. A 'yan shekarun nan kuma matasa sun shiga sayen karnukan ƙasashen waje, irin su German Shepherd da Rottweiler da Boerboel, wasu don gadi, wasu don kiwo da sayar da kwiyakwiyai, wasu kuwa don dai a gani a faɗa.

Ba wanda aka tilasta wa ajiye kare. Amma duk wanda ya ɗauko kwikwiyo ya shigo da shi gida ya ɗora wa kansa haƙƙi biyu: na dabbar da ba ta da bakin kai ƙara, da na maƙwabcin da ba a yi shawara da shi ba. Yawancin ɓarnar da ake ɗora wa kare, daga cizo zuwa cuta zuwa haushin da ke hana unguwa barci, in aka bi sawunta sai a tarar ta fito ne daga mai karen da ya ci moriyar gadi ya ƙi ɗaukar ɗawainiya.

Lafia gari ne na Musulmi da Kirista, kuma babu addinin da ya bai wa mabiyinsa lasisin zaluntar kare. A Musulunci, hadisan da Buhari da Muslim suka ruwaito sun halatta ajiye shi domin farauta da tsaron dabbobi da tsaron gona, sun kuma yi gargaɗin raguwar lada ga wanda ya ajiye shi ba da wata buƙata ba. Malamai da dama sun yi ƙiyasin tsaron gida a kan waɗannan. An ruwaito cewa Ibn Abi Zaid Alƙairawani, mai littafin Risala da ake karantawa a zaurukan malamanmu, ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta fi yaɗuwa a wannan yanki, kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau bakwai in ya sa baki a ciki kuwa bin umarni ne. Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da dabbar farauta mai horo ta kamo, wato horar da kare abu ne da shari'a ta sani. Sannan ga labarin mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa da takalminsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah Ya gafarta masa, da na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha. A ɓangaren Kirista ma, littafin Karin Magana, sura ta 12, ya sanya kula da ran dabba cikin alamomin adali. Saboda haka mutum na da damar ya ƙi ajiye kare, ya ƙi barinsa ya shiga ɗakinsa ko wurin sallarsa, amma yaron da ya ɗauki dutse ya jefi karyar da ke kwance a gindin mangwaro tana shayar da 'ya'yanta ba addini yake yi ba, kuma babban da ya gan shi ya yi shiru ya gaza wajen tarbiyya.

Haƙƙin farko shi ne ci da sha da inuwa. Sauran tuwo da ƙanzon shinkafa kaɗai ba sa riƙe kare, yana buƙatar nama ko kifi ko ƙwai gwargwadon hali. Albasa da cakulan guba ne a gare shi, dafaffen ƙashin kaza kuma kan tsage ya soke shi a hanji. Ruwa ya fi komai muhimmanci a zafin Fabrairu zuwa Afrilu, domin kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake sanyaya jikinsa. Abin takaici ne a ga kejin ƙarfe mai rufin kwano a tsakar rana, kare a ciki harshe waje, kwanon ruwansa a kife tun safe. Karnukan da asalinsu na ƙasashen sanyi ne, masu gashi kamar bargo, su suka fi shan wannan wahala, kuma wanda ba zai iya sama musu wuri mai iska ba gara ya haƙura da su. Karen gida da aka raina ya fi su jure zafi da cututtukan ƙasar nan, ga sauƙin ciyarwa.

Kaska da ƙuma da tsutsar ciki da ƙazuwa su ne cututtukan yau da kullum. Kaska ba jini kaɗai take sha ba, tana sa wa kare zazzaɓin da ke ƙarar masa da jini har dasashinsa ya yi fari. A nan ne wasu ke yin kisa da sunan magani: a yi wa kare wanka da fiya-fiya, ko a shafe shi da baƙin man mota don ƙazuwa, ko a ɗura masa maganin ciwon kai na mutane. Duk waɗannan na iya kashe shi. Akwai maganin kowanne a wurin likitan dabbobi, kuma akwai rigakafin da ake fara yi wa kwikwiyo tun yana da mako 6 zuwa 8, wanda ke kare shi daga cutar amai da zawon jini da ke kwashe kwiyakwiyai gida guda cikin 'yan kwanaki.

Sai babbar magana, wato ciwon haukan kare. Ƙwayar cutar na cikin yawun dabbar da ta kamu, tana shiga jikin mutum ta cizo ko yakushi ko lasar rauni, sannan ta bi jijiya a hankali har ta isa ƙwaƙwalwa. Wannan tafiya kan ɗauki wata 2 zuwa 3, wani lokaci mako guda, wani lokaci shekara, shi ya sa ake yaudaruwa: rauni ya warke, an manta da zancen, sai ga yaro ya fara zazzaɓi da firgita, ya ga ruwa yana so amma maƙogwaronsa ya shaƙe, iska ta taɓa shi ya zabura. In aka kai wannan matsayi, kusan babu wanda ke tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe mutum kimanin 59,000 a kowace shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kusan dukkansu ta hanyar kare, kuma kashi 40 cikin 100 na waɗanda ake cizo yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Dalilin a fili yake. Yaro ne ke wasa da kare, shi ne gajere da cizo ke samu a fuska ko wuya kusa da ƙwaƙwalwa, shi ne kuma zai ɓoye raunin don tsoron faɗa.

Ba kowane mahaukacin kare ne ke yawo yana cizon duk abin da ya gani ba. Akwai wanda cutar ke kwantar da shi shiru, muƙamuƙinsa ya saki, yawu na dalala, muryarsa ta canza. Mai shi sai ya zaci ƙashi ne ya maƙale masa, ya tura hannu cikin bakin don ya ciro. Kare da ya canza hali farat ɗaya, mai faɗa ya yi laushi ko mai laushi ya koma faɗa, a killace shi a kira likita, kada a taɓa bakinsa. Shanu da awaki ma na kamuwa in ya cije su, don haka asarar ta shafi makiyayi kai tsaye.

Abin da ya sa wannan mutuwa ta fi ciwo shi ne an daɗe da sanin rigakafinta. Tun 1885 Louis Pasteur ya yi wa wani yaro mai suna Joseph Meister allura a Faransa bayan mahaukacin kare ya cije shi, yaron ya rayu. A nan kusa, Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana sarrafa rigakafin karnuka tana kuma gwada ƙwaƙwalwar dabbar da ake zargi. Ana yi wa kwikwiyo allurar yana da wata 3, a riƙa maimaitawa duk shekara, a ajiye katin. Kuɗinta bai kai na jerin alluran da za a yi wa mutum ɗaya da aka ciza ba, balle a yi maganar rai. Mutumin da ya iya sayen kare da sarƙa da keji amma ya ce ba shi da kuɗin allura ɗaya a shekara, ba talauci ne ya hana shi ba, raina ran 'ya'yan mutane ne.

In cizo ya auku, abin yi na farko shi ne wanke raunin da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, nan take, kafin a nemi abin hawa. Daga nan sai asibiti a ranar, domin a fara alluran rigakafin haukan kare a kuma kammala su a ranakun da likita ya tsara. In raunin mai zurfi ne akwai wata allura ta daban da ake yi a bakinsa. Allurar tetanus da ake yi wa wanda ya taka ƙusa ba ta maganin wannan cuta, kuma mutane da yawa na tsayawa a kanta a kemis su koma gida da kwanciyar hankali. Ƙona gashin karen a shafa a raunin, ko ɗaure shi da saiwa, ɓata lokaci ne mai tsada. Shi kuwa karen, in an san shi kuma ana iya tsare shi, a killace shi kwana 10 ana lura, ba tare da an jinkirta allurar mutum ba. Mai karen da ya ɓoye shi, ko ya yi sauri ya sayar wa fatake don kada a kama shi da laifi, ya ƙara zalunci a kan zalunci, domin cinikin karnuka na kai su nesa, har kasuwar Dawaki da ke Ƙaramar Hukumar Kanke a Filato, kuma masu kamawa da masu fiɗa duk suna cikin haɗari.

Horo shi ne inda haƙƙin dabba da na maƙwabci suka haɗu. Akwai gurguwar fahimta cewa sai an kulle kare cikin duhu, an hana shi ganin mutane, an zuba masa barkono a abinci ko an riƙa dukansa kafin ya yi zafin gadi. Abin da wannan ke haifarwa shi ne dabba mai tsoro, mai tsoro kuwa ba ya bambance ɓarawo da almajirin da ya yi sallama ko yarinya mai tallan gyaɗa. Watanni 3 na farkon rayuwar kwikwiyo su ne lokacin da yake koyon wane ne na gida, don haka a bar shi ya saba da yara da kaji da awaki da ƙarar babur. A koya masa kalmomi kaɗan da kowa a gidan zai riƙa faɗa iri ɗaya: zo, zauna, bari. Minti kaɗan a rana sun isa, in ya yi daidai a ba shi ɗan abin tauna a take, domin kare na haɗa lada da abin da ya yi yanzu ne, ba da abin da ya yi ɗazu ba. Mafarauta na ƙwarai sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa fito ɗaya ke dawo da karnukansu daga tsakiyar daji. Kare mai horo ma ba a sakinsa kan titi. Da dare a cikin katanga, in za a fita da shi a riƙe da igiya, a ƙofar gida kuma a sa alama. Yara su ma a koya musu kada su taɓa kare yana ci ko yana barci, in baƙon kare ya tunkaro su su tsaya cak maimakon su ruga.

Karnukan da ke yawo a juji da bayan mahauta ba daga sama suka faɗo ba. Karya na ɗaukar ciki kwana 63 ne kacal, ta haifi shida ko fiye, mai ita ya raba biyu ya zubar da sauran a kwalbati. Wani kuma ya tashi daga gidan haya ya bar karensa a nan. Gidajen ceton dabbobi irin na Turai ba su yawaita a wannan yanki ba, don haka ceto a hannun ɗaiɗaikun mutane yake. Wanda ya ga kwikwiyon da aka yasar ko karen da mota ta buge ya yi taimako da hankali: kada ya kama da hannu tsirara, ya lulluɓe shi da buhu ko tsumma mai kauri, ya keɓe shi daga yara, ya kai shi wurin likitan dabbobi kafin ya yanke shawarar riƙewa ko neman mai so. Wanda ba ya son kwiyakwiyai kuwa, likita na iya yi wa namiji fiɗiya, ya yi wa mace aikin hana haihuwa.

Zuba guba a unguwa duk lokacin da aka ciji wani ba ya kawar da cutar. Yana kashe karnukan da aka yi wa allura tare da waɗanda ba a yi wa ba, yana kashe kaji da angulu, wasu karnukan kuma su shigo su cike gurbin. Abin da masana suka tabbatar shi ne in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allura, aka ɗore a kai, cutar kan rasa hanyar yaɗuwa. Ta haka ƙasar Meziko ta samu shaidar Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 cewa ta kawar da mutuwar mutane ta ciwon haukan kare da ake ɗauka daga karnuka, kuma burin da duniya ta sa a gaba shi ne a kai ga haka ko'ina nan da 2030. Ana tunawa da wannan yaƙi kowace ranar 28 ga Satumba, ranar da Pasteur ya rasu. A Lafia aikin zai fi tasiri in ma'aikatar da ke kula da lafiyar dabbobi ta bi ta hannun masu unguwanni da shugabannin mafarauta da arɗo-arɗo da limamai da fastoci, ta kai allurar Shabu da Kwandere da Tudun Gwandara da rugagen da ke kewaye maimakon jiran mutane su kawo karnuka ofis, ta kuma sa aikin a farkon rani kafin a fara fita farauta, lokacin da karnukan ƙauyuka daban-daban ke cuɗanya da juna da namun daji.