Duwatsun murhu uku na waƙar zamani

Duk wanda ya taɓa kasa kaya a kasuwa ya san talla da kuɗi ake yin ta, kuma sau da yawa jama'a gudun ta suke yi. Amma akwai wata irin talla wadda mutane ke nema da kansu, su ƙarar da kuɗin salularsu wajen kallon ta, har su tura ma ƴan'uwa da abokai. Ita ce hoton waƙa, wanda samari ke ce ma kilip. Tukunyar kilip bisa duwatsu uku take zaune: abin da ido ke gani, abin da kunne ke ji, da abin da ake son a sayar. In aka janye guda, girki ya ɓare. Ya kamata mai karatu ya san yadda ake jera duwatsun nan, domin a gidansa ake cin tuwon.

A ƙasar Amurka al'amarin ya kankama. Ranar 1 ga watan Agusta na 1981 aka buɗe tashar telebijin ta MTV, wadda aikinta a lokacin shi ne nuna hotunan waƙoƙi dare da rana. Kamfanonin faifai ke ba ta hotunan kyauta, don sun san wanda ya gani zai je kanti ya sayi faifan. Ke nan tun ranar farko, kilip rumfa ce. Hajar tana cikin faifai.

Babu misalin da ya fi na Michael Jackson fito da abin fili. Faifansa mai suna Thriller ya fito a ƙarshen watan Nuwamba na 1982, ya yi kasuwa ƙwarai. Da aka yi watanni, sai ciniki ya fara ja da baya, kamar yadda yakan faru ga kowace haja. Nan aka yanke shawarar yi ma waƙar da faifan ya ci sunanta hoto na musamman. Aka kira John Landis, gwanin shirya sinima, ya tsara labari na kusan minti 14: saurayi da budurwa sun fito daga gidan sinima da dare, matattu suka taso daga kushewa suka kewaye su, shi ma saurayin ya rikiɗa ya shiga sahunsu, aka kama rawa.

Aikin ya ci abin da bai kasa 500,000 ba na dalar Amurka, ba dala mai tamma biyar ba. Kamfanin faifan ya ƙi ɗaukar wannan nauyi, ita kuma MTV ba ta saba biyan kuɗin kilip ba. Sai aka yi dabarar ƴan kasuwa. Aka ɗauki wani hoton dabam na minti 45 mai nuna yadda aka gudanar da aikin, aka sayar da shi ga MTV da wata tasha mai suna Showtime, wani kamfani kuma, Vestron, ya buga shi a kaset. Kaset ɗin ya sayu har miliyan guda. Wato talla ta biya kuɗin kanta, ta koma haja. Bayan da MTV ta fara nuna hoton ranar 2 ga Disamba na 1983, cinikin faifan ya ruɓanya, kuma har yau shi ake ƙirgawa a matsayin faifan da ya fi kowane sayuwa a duniya.

Abin lura shi ne yadda aka lanƙwasa waƙar don ta bi hoto. A cikin faifai, amshi na zuwa bayan kowane baiti. A cikin kilip kuwa, an jera baitocin a gaba, aka ɓoye amshin har sai da rawar matattu ta yi zafi, sa'an nan aka sake shi. Mai kallo ya yi ta jira, da ya samu kuma sai abin ya zauna masa a kai. Haka ma jar rigar fata da mawaƙin ya sa: da gangan aka zaɓi launin domin ya fita dabam cikin duhu. Daga baya masu ɗinki suka yi ta kwaikwayon ta suna sayarwa. Ido ya riƙe riga, kunne ya riƙe amshi, hannu ya shiga aljihu.

Da manyan kamfanoni suka ga haka, sai suka matso. A 1983 Pepsi ta ƙulla yarjejeniyar dalar Amurka miliyan 5 da Jackson da ƴan'uwansa, aka ɗauki kiɗan waƙarsa Billie Jean aka sauya mata baitoci don yabon lemo. A 1986 ƙungiyar Run-DMC ta rera waƙa kan takalmin Adidas, kamfanin kuma ya saka mata da kwangila mai tsoka. A 2010, cikin hoton waƙar Telephone ta Lady Gaga, an riƙa tsayar da kamara kan kayan kamfanoni irin su Virgin Mobile da Polaroid, har sai mai kallo ya karanta sunan.

Intanet ta sauya kasuwar, amma ba ta taɓa duwatsun ba. An kafa YouTube a 2005. A watan Disamba na 2012 waƙar Gangnam Style ta Psy, ɗan Koriya ta Kudu, ta zama hoto na farko da aka kalla sau miliyan dubu a can, alhali galibin masu kallon ba su jin kalma guda ta harshen. Rawar sukuwar doki ita ta ɗauki waƙar ta kai ta inda baiti ba ya iya zuwa. A 2013 kuwa mujallar Billboard ta shigar da yawan kallo a YouTube cikin lissafin waƙoƙin da ke kan gaba a Amurka. Yau kallon kansa kuɗi ne, shi ya sa ake zuba abin da zai kama ido tun daƙiƙun farko.

Ƙasar Hausa ma ta ga ƙarfin hoto. A watan Oktoba na 2016 ƙungiyar masu shirya fina-finai ta MOPPAN a Najeriya ta kori Rahama Sadau saboda rungumar da aka gani cikin hoton wata waƙar soyayya ta mawaƙi ClassiQ. Waƙar soyayya ba baƙuwa ba ce ga kunnen Bahaushe. Hoton ne ya tayar da ƙura, kuma ƙurar ta sa mutane da yawa suka nemi ganin sa. A 2020 kuma waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta bazu ainun, bayan da mata suka riƙa ɗaukar kansu a salula suna taka rawarta a gaban mazansu. Masu saurare suka zama ƴan talla, ba albashi.

Darasin ya shafi kowa. Ɗan kasuwar da mawaƙi ya zo ma da tayin nuna hajarsa a kilip, ya tambayi su wa za su kalla, kuma cikin wane irin hoto za a ga sunansa, domin suna ya fi riba wuyar maidowa. Mawaƙi ya tuna cewa tun kafin a ɗauki hoto ake zaman lissafi; ya rubuta yarjejeniya, ya kai aikinsa ma'aikatar BNDA mai kare haƙƙin masu fasaha a Nijar, kada wasu su ci gajiyar zufarsa. Shi kuwa magidanci mai jiran ƙarshen wata, in yaro ya matsa sai wani takalmi ko wata salula, ya san ba daga sama sha'awar ta faɗo ba.

Maroƙin dauri yakan ambaci sunan ubangidansa a bainar jama'a, kowa ya san wanda ya ba shi riga da doki. Kilip ba ya faɗin nasa ubangidan. Saboda haka kafin a ce waƙa ta yi daɗi, a tambaya: wa ya biya kuɗin hoton, kuma me yake son a saya?