Waiwaye: Harin Ziklag da Bawan da Aka Yar a Daji

Kimanin shekara 3,000 da suka wuce, a kudancin ƙasar Kan'ana, akwai wani gari mai suna Ziklag. Akish, sarkin Gat na Filistiyawa, shi ya ba Dawuda garin ya zauna da mayaƙansa 600 lokacin da yake gudun sarki Saul. Littafin Sama'ila na Ɗaya, sura ta 30, ya kawo labarin ranar da suka dawo daga tafiya suka tarar gari ya zama toka. Amalekawa sun zo a bayan idonsu, sun cinna wuta, sun kwashe mata da yara, har da matan Dawuda biyu, Ahinowam da Abigail. Mazaje suka yi ta kuka har ƙarfinsu ya ƙare, wasu ma suka fara shawarar jefe shugabansu da duwatsu.

Kalmar da Ibraniyanci ya kira wannan hari da ita ita ce pashat, kuma tuɓewa take nufi a wurare da dama. Da ita aka faɗi yadda 'yan'uwan Yusufu suka tuɓe masa riga kafin su jefa shi rijiya. Da ita aka yi bayanin feɗe dabbar hadaya a Littafin Firistoci, da ita kuma aka ce Filistiyawa sun zo tuɓe gawawwaki a Dutsen Gilbowa bayan mutuwar Saul. A Littafin Ayuba, da Kaldiyawa suka kasu gida uku suka auka wa raƙumansa, kalmar ce dai aka sake kawowa. Ibraniyawa sun gane cewa mahari ba gari yake so ya mulka ba. Zuwa yake ya raba mutane da abinci da iyali da mutunci, ya bar su tsirara, ya koma daji.

Dawuda ya bi sawu da mutanensa. Da suka kai rafin Besor, mutum 200 suka kasa haurawa don gajiya, aka bar su da kaya, 400 suka ci gaba. A saura suka tsinci wani saurayi Bamasare kwance, kwana uku bai ci ba bai sha ba. Bawan wani Ba'amaleke ne, ubangidansa ya yar da shi don ya kamu da ciwo. Masu gaggawar ceto iyalansu suka tsaya, suka ba shi ruwa da gurasa da ɓaure da busasshen inabi, kafin su tambaye shi ko shi wane ne. Da ransa ya dawo, sai ya nemi a rantse ba za a kashe shi ba, ba kuma za a mayar da shi ga ubangidansa ba, sannan ya kai su har sansanin maharan. Suka same su a warwatse suna ci suna sha. Aka gwabza har yammacin kashegari, samari 400 kaɗai suka tsere a kan raƙuma, aka ƙwato kowa da komai. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Wata jarabawar kuma ta zo a hanyar gida. Wasu daga cikin waɗanda suka yi yaƙin suka ce mutum 200 ɗin nan ba za su sami ko ƙwayar ganima ba, kowa ya ɗauki matarsa da 'ya'yansa ya kama gabansa. Dawuda ya ƙi. Ya yanke cewa rabon mai tsaron kaya daidai yake da na wanda ya shiga fagen fama, hukuncin ya zama ƙa'ida a Isra'ila. Ya kuma aika wa dattawan Yahuza rabonsu, har Hebron.

Abin da na ɗauka a nan shi ne, al'ummar da aka kai wa hari tana iya ƙarasa wa mahari aikinsa da hannunta, in ta juya wa raunananta baya. Amalekawa sun yar da mara lafiya, ya zama ajalinsu. Mutanen Ziklag sun ɗauke shi, sun riƙe gajiyayyunsu, suka farfaɗo.

Yau ƙauyukan Zamfara da Katsina da Sakkwato sun san wannan tuɓewa, wasu mutanensu har sun tsallaka Maraɗi neman mafaka. Tsare rayuka aikin hukuma ne, kuma dole a ci gaba da tuna mata. Amma rufa asirin wanda ya tsira aikinmu ne. Matar da ta dawo daga hannun 'yan bindiga kada a bi ta da gori, ɗan gudun hijira kada a tsawwala masa kuɗin haya, marayan da ke ƙofar gidanka kada ya kwana da yunwa. Mai karatu, duba unguwarku, ka fara da wanda ya fi kusa da kai.